Haramin Kakanka da Kujerar Mahkama

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Daga mahaifinka Idrisu zuwa ga ɗana Abba, a Wad Madani. Gaisuwa mai yawa da sa albarka. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya tsare ka daga sharrin mota da sharrin zazzaɓi da sharrin abokin da ba ya tsoron Allah. Ka gaishe mini da mai masaukinka, ka yi masa godiya a madadina.

Ka yi haƙuri da rubutun. Ido ya ƙi, sai na kai hancina kan takarda nake ganin abin da alƙalami ke yi, shi ya sa baƙaƙen suka yi manya suka karkace. Ban ba kowa ya rubuta mini ba, don maganar tsakanina da kai ce. Ba kuma labarin gida zan ba ka ba. Auduga tana inda ka bar ta, akuya ma haka.

Direban lorin da ya kai ka ya kawo mini saƙonka. Wai in kwantar da hankalina: ba za ka nemi jinsiyya ba, takardar zama ɗan ƙasa, ba kuma za ka shiga gaban lajna, kwamitin da ke ɗaukar ma'aikatan dindindin ba. Wai akwai gurbin mai kwafar takardu na yaumiyya, aikin da ake biya rana-rana, a mahkama, wato kotu, shi za ka riƙe "kafin Baffa ya huce". Abba, da na ji wannan magana sai da na nemi wuri na zauna. Wallahi da kana kusa da na ja kunnenka, ɗan gemun nan naka da bai gama fitowa ba ba zai hana ni ba. Yaumiyya! Ɗan da na haifa, wanda ya gama sakandare, shi ne yake faɗin yaumiyya da bakinsa kamar wani abin kirki?

Ban taɓa zaunar da kai na gaya maka yadda aikina ya kasance ba. Kai dai ka tashi ka ga ubanka yana fita kowace safiya da farar jallabiya, mutane na ce masa tafintan mahkama, kai kuma kana hura hanci a cikin yara. To yau ka ji abin da jallabiyar ta rufe.

Ta ƙofar baya na shiga aikin nan. Ina saurayi, kafin a haife ka, na raka maƙwabcinmu Tanko mahkamar markaz, wato ta gunduma, jakinsa ya shiga hawashar wani Balarabe, wato gonarsa, ya tattake auduga. Larabcin Tanko bai wuce na sayen gishiri ba. Alƙali ya yi tambaya, Tanko ya ce na'am. Ya sake tambaya, ya ce na'am. Saura kaɗan ya amsa har ɓarnar da jakin bai yi ba. Na kasa haƙuri, na ɗaga hannu daga baya na ce a bar ni in fassara. Da aka tashi, bashkatib, wato babban magatakarda, wani dattijo mai suna Ustaz Awad, ya kira ni ya ce, "Ya walad, ta'al bukra." Ka zo gobe. Na zo. Da yamma ya sake cewa in zo gobe. Shi ke nan ɗaukar da aka yi mini. Ba a buga sanarwa ba, ba a tambaye ni komai ba, ba a ba ni ko guntun takarda ba. Ranar da na zo a biya ni ta, ranar Juma'a da ta idi da ranar da alƙali ya fita rangadi kuwa in ci iska. Ni ko murna nake, har walima aka yi a gidanmu.

Ka ji da kyau. Aikin hukuma ƙofa biyu gare shi. Wanda ya bi ta lajna, aka yi masa tambayoyi, likita ya duba ƙirjinsa, aka miƙa masa takardar ɗauka mai hatimi, shi ne ma'aikaci. Shi ke da hutun shekara, da takardar shiga jirgin ƙasa, da katin asibiti na shi da iyalinsa, da ƙarin albashi, da ma'ash, wato fansho, idan ya tsufa, in ya mutu kuma a ci gaba da ba marayunsa. Wanda aka ce wa zo gobe, ko ya tsufa a ɗakin, ɗan taya aiki ne. Za su ce maka, "Ka fara tukuna, takarda za ta biyo baya." Ƙarya ce. Ba mugunta ke sa su faɗa ba, su ma sun ɗauka haka ne, amma ni na jira ta har gashina ya yi fari ban ga ƙeyarta ba.

Ba zan ce ba a taɓa buɗe mini ƙofar gaba ba. An buɗe, ni na rufe ta da bakina, kuma don ka gane yadda aka yi sai na koma kan kakanka.

Malam, wanda ka ci sunansa, shi ya sa muke ce maka Abba, ya taso daga ƙasar Sakkwato da niyyar hajji. Guzuri ya ƙare masa a Makwar lokacin da ake gina madatsar ruwa, ya tsaya ɗaukar dutse don ya tara na gaba. A nan ya yi aure, a nan aka haifi Baffanka Shehu, aka haife ni. Bai taɓa cewa ya zauna ba. In an gaishe shi da gida sai ya ce, "Wane gida? Mu baƙi na, bisa hanya muke." Kai ma ka san yadda garinmu yake har yau. Ba mai cewa badi zai yi kaza sai ya ƙara da "in ba mu wuce ba". Ba a gina ɗakin jan bulo, ba a dasa mangwaro, ba a karɓar takardar ƙasa, don duk wanda ya yi ɗaya daga cikinsu an ce ya kwance niyya. Da Malam zai cika a Makwar ya miƙo mini haraminsa, farin mayafi biyu da ya ɗauko tun daga gida bai taɓa ɗaurawa ba, ya ce tunda ni ke da aikin albashi ni zan riga kowa isa. Duk watan hajji nakan fito da shi daga akwati in shanya, in sa masa sabon ganyen darbejiya saboda asu, in mayar. Ka sha gani.

To bayan Turawa sun tafi, aka ce za a tabbatar da ƙananan ma'aikatan mahkamomi, abin da suke kira tasbit. Ustaz Awad ya ja ni gefe ya ce, "Ya Idris, akwai kujerar hajib, mai kiran masu ƙara da tsare zaure, ga fassara a kai. Na sa sunanka. An haife ka a nan, ka kawo dattawa su shaida, maganar jinsiyya za mu san yadda za mu yi." Na wanke jallabiya na sa mata shuni, na shiga gaban mutum uku a bayan tebur. Suka ba ni takarda na karanta. Suka sa na fassara rantsuwa, na fassara. Sai gyaɗa kai suke. Can shugabansu, wani mai tabarau, ya ce, "In muka ba ka kujerar nan, har yaushe kake da niyyar zama a kanta?"

Abba, ban yi tunani ba. Bakina ne ya amsa yadda aka koya masa tun ina goye. Na ce, "Sai yadda Allah ya yi, ya sayyid. Mu kan hanya muke. In hanya ta buɗe, badi in sha Allahu zan wuce."

Ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce, "Ka wuce ina?" Na ce Makka. Ya ce, "Ka je ka dawo?" Na ce wannan kuma sanin Allah ne. Ni a raina amsar mutumin kirki na bayar, har ina jin daɗin kaina. Ya ce, "Rabbana yisahhil," Allah ya sauƙaƙa, ya yi ɗan rubutu, aka kira na gaba. Da na fito Ustaz Awad ya riƙe kansa da hannu biyu. Ya ce, "Ya Idris, me ka yi? Hukuma za ta ba da kujerar ma'ash ga wanda ya ce mata badi zai tafi?" Aka ba Tayyib, wani saurayi da ni na nuna masa inda ake ajiye Alƙur'anin rantsuwa. Ba ni da haushinsa, mutumin kirki ne, har yau in mun haɗu a kasuwar Hajj Abdalla shi ke biyan shayi. Yana karɓar ma'ash ɗinsa duk wata, ya kuma je hajji da shi ya dawo.

Saboda haka, tambayar nan za ta zo maka, ko da wane irin kaya ta sa. Kada ka bar bakin garinmu ya amsa maka. In sha Allahu a bakin Musulmi take, ka faɗe ta, amma ka fara faɗin abin da kake nufi tukuna. Lajna ba majalisar ƙofar masallaci ba ce. Abin da ka furta shi za a rubuta, ba wanda zai tsaya ya tambayi al'adar gidanku.

Akwai wata wautar kuma, ita ce ke sa ni cizon yatsa in na tuna. Shekaru bayan haka aka kawo mana wani alƙali mai sauƙin kai, ya ji daɗin aikina ƙwarai. Da aka yi masa canjin wuri, ranar da zai tafi, ya kira ni ofis ya ce, "Ya Idris, kafin in tafi, akwai abin da kake so in rubuta maka?" Ka san yadda muke. In an miƙo maka tuwo a gidan mutane ka ce alhamdulillahi ka ƙoshi, sai an sake, an rantse maka, sannan ka sa hannu. Wanda ya amsa a karon farko an ce ba shi da kunya. Sai na sunkuyar da kai na ce, "Alhamdulillahi, ba komai, ya maulana." Na tsaya ina jiran ya sake tambaya. Ya ce madalla, ya miƙo mini hannu, ya ɗauki jakarsa ya fita. Ina tsaye a ɗakin har na ji tashin motarsa. Layi biyu da hannunsa da sun isa a sake duba maganata.

A ofis sau ɗaya ake tambaya. Kunyar da muka koya maka ka ajiye ta ga surukanka da manyan garinku. Abin da doka ta ba ka ba tuwon gidan wani ba ne, haƙƙinka ne. Ka tambayi tsawon lokacin gwaji, ka tambayi ranar da za a fara lissafa maka shekarun ma'ash, ka tambayi wa da wa katin asibiti ya ɗauka. In an ba ka takardar ɗauka ka karanta ta har ƙasa kafin ka sa hannu, ko da bashkatib na buga ƙafa. Kuma in likita zai ƙiyasta shekarunka, tunda ba mu da takardar haihuwa, kada son girman nan naka ya sa ka ƙara ko ɗaya don a ce maka babba. Abin da ka ƙara yau shi za a cire maka a ƙarshen aiki. Na san halinka, tun kana yaro kake cewa ka girmi ɗan Tanko, alhali ya riga ka yaye.

Yanzu zan faɗi wadda ta fi mini nauyi. Na ajiye alƙalami tun jiya, yau na sake ɗauka.

Ka san tsargiya ce ta ɗauki Innarka, amma kana makarantar kwana lokacin, ba ka ga yadda aka yi ba. Ruwan tur'a ne, magudanar ban ruwan gonaki, inda take wanki da ɗibar ruwa kamar kowace mace a garin. Ta daɗe tana ɓoyewa. Sai da cikinta ya kumbura, ƙafafu suka hau, sannan ta yarda ba lafiya. Matar Tayyib ta yi irin ciwon a shekarar. Shi ya rubuta neman hutu aka ba shi, ya nuna kati, aka kwantar da ita a Madani, albashinsa na tafiya yana zaune a gefen gadonta. Ta tashi. Ni da na je wurin sabon bashkatib, don Ustaz Awad ya riga ya yi ritaya, sai ya ce, "Hutu na ma'aikata ne. Kai in ba ka zo ba, ba ka zo ba ke nan. Amma shari'ar Fallata ta yi yawa a watan nan, in ka yi nisa dole in sa wani." Fallata kuwa mu ne, haka suke kiranmu. Ga masu jiran gurbin a bakin ƙofa, ina ganinsu kullum.

Na dawo na gaya mata. Ta ce, "Maigida, ka je aikinka. In ka rasa shi me yaran za su ci? Mu jira alƙali ya tafi hutu." Na yarda. Na yarda, Abba, don abin da nake so in ji ke nan. Muka shiga jiƙe-jiƙe da rubutun sha. Ranar da ta fara aman jini ina mahkama ina fassara rigimar wasu a kan iyakar gona. Ƙanwarka Hadiza ce ta aiko. Ban fita ba sai da aka tashi, don ba a barin zaure alƙali na zaune. Muka sa ta a lori. Ba ta kai Madani ba, a hanya ta cika, kanta a cinyata, buhunan dawa na ta girgiza a gefenmu. Har ta rufe ido ba ta ce mini kai ne ba. Da ta faɗa da ya fi mini sauƙi.

Ba a yi sadakar uku ba na koma aiki, mutane na zaune a ƙofar gidana suna karɓar gaisuwa a madadina. Wasu suka ce Idi ba shi da zuciya. Ba su san ɗan yaumiyya ba shi da hutun mutuwa ba.

Kai yanzu ba ka da mata, kana ganin maganar kati da hutu maganar tsofaffi ce. Za ka yi aure. Wata rana wani naka zai kwanta, kuma a ranar ba kirkinka za a duba ba, ba iya rubutunka ba, za a duba ko ta wace ƙofa ka shigo. Ba na so ka tsaya gaban wani mutum kana zaɓe tsakanin abincin 'ya'yanka da ran uwarsu. Na tsaya a wurin, na san yadda yake.

Ƙarshen aikin kuwa ka gani da idonka, sai dai ban gaya maka abin da aka ce mini ba. Da idona ya fara hazo na soma tuntuɓe a karatun takardu. Bashkatib ya ce yaran Hausawa duk sun iya Larabci yanzu, kowa na zuwa da ɗansa, ba a bukatar tafinta. Gaskiya ya faɗa. Aka kawo shayi da biskit, aka yi mini addu'a, kowa ya rungume ni. Bayan kwana biyu na koma ofishin ma'aikata in tambayi abin da zan samu na shekara ashirin da wani abu. Yaron da ke wurin, sa'anka ne, mai ladabi, ya duba ya duba, ya ce, "Ya ammi, ba ka da shekaru a nan." Na ce kamar yaya, ni da na riga ginin nan na baya zuwa? Ya ce, "A wurin hukuma kullum da safe ake ɗaukarka, da yamma a sallame ka. Kwana ɗaya ka yi, sau da yawa." Na yi masa godiya. Har godiya na yi masa! Na fito na tsaya a rana, na rasa ta ina ake komawa gida.

Wannan ita ce yaumiyyar da kake cewa za ka riƙe kafin Baffa ya huce.

To bari in gaya maka inda muka kwana da Baffan naka. Na san abin da ya faɗa maka ranar da za ka tafi, Hadiza ta ji ta gaya mini: wai duk jikan Malam da ya karɓi jinsiyya ya tozarta wasiyya, kada ya ƙara taka masa zaure. Na kuma san kai ba ka iya ganin ran babba ya ɓaci. Halin uwarka ne, Allah ya ji ƙanta. Amma ba kai ya kamata ka ɗauki wannan faɗan ba, nawa ne, na daɗe ina gudunsa.

Shekaranjiya bayan la'asar na same shi a gindin darbejiyar masallaci, na jira mutane suka watse. Na durƙusa na gaishe shi. Na ce, "Yaya, zan je Madani in yi wa Abba shaida."

Ya ce, "Shaidar me?"

Na ce, "Cewa Malam yana ƙasar nan tun ginin Makwar, a nan aka haife mu, a nan muke zaune."

Ya ajiye carbi. Ya ce, "Zaune? Idi, da bakinka? Za ka dafa Alƙur'ani ka ce zama munka zo yi? Mi za ka ce ma Malam gobe kiyama?"

Na ce, "Yaya, Malam yana ina yanzu? Yana Makwar a kwance. Inna tana gefensa. Uwar Abba tana bayan tur'a. Cikinmu wa ya taɓa ganin ko bakin teku?"

Ya ce, "Niyya Allah ka dubi."

Na ce, "Na yarda. Amma niyya ba ta kai matata asibiti ba. Tayyib da ya ce wa hukuma yana nan, shi ne ya je ya dawo. Mu da muke kan hanya ko Sinja sai mu shekara ba mu je ba."

Ban taɓa mayar masa da magana haka ba tunda nake. Shi ya riƙe ni bayan Malam, shi ya yi mini aure, shi ya yi maka huɗuba. Ya ɗauki carbinsa. Ya ce, "In ka yi wagga rantsuwa, kada ka sa rai in tsaya bisa gawarka." Na ce, "To Yaya, ka aiko wani." Na tashi. Da na waiwaya na ga ya rufe fuska da rawani. Kada ka riƙe shi a zuciya, kada ka daina gaishe shi ko ya kau da kai. Shi ma abin da aka bar masa ke nan, ba shi da wani.

Ba zai huce ba, Abba. Ko da zai huce, ni ba ni da lokacin jira. Abin da ya ɗauki Innarka ya fara taɓa ni, na ga jini tun kafin a fara tsinkar auduga, ƙafafuna kuma sun soma nauyi. Ban gaya wa Hadiza ba, kai ma kada ka gaya mata tukuna. Ba don ka ji tausayina ka nemo mini kati nake faɗa ba, wataƙila ma ba zan kai lokacin ba. Don ka gane lissafin ne. An ce yanzu an sassauta, wanda kakansa ke ƙasar tun zamanin madatsar yana iya samun jinsiyya in akwai mai yi masa rantsuwa. Waɗanda suka ga Malam da dutse a ka sun ƙare, saura ni da Baffanka da tsoho Tanko. Baffanka ba zai yi ba. Tanko ya ce zai bi ni in an biya masa lori, da sharaɗin ni zan fassara masa, don har yau na'am ɗin nan ce Larabcinsa. Na yi shekaru a mahkama, ban taɓa ganin an karɓi shaidar mamaci ba. In ka jira, za ka jira har ka rasa mai ɗaga maka hannu, ka ƙare a yaumiyya kamar ubanka.

Jiya na buɗe akwati na fito da haramin Malam, ba watan hajji ba. Na wanke shi da kaina na shanya. Na gwada a jikina, tsawon ya isa. Na aika kasuwar Hajj Abdalla aka yanko mini farin ƙyalle na uku na haɗa da su, don likkafanin namiji uku ne. Na naɗe na mayar, na nuna wa Hadiza inda yake, na ce mata ajiya ce kawai. Ba zai je Makka ba. Bayan tur'a za shi, kusa da uwarka. In Allah ya hore maka wata rana, da hutunka da albashinka, ka sayi sabo ka je, ka yi wa Malam addu'a a can, ka yi mini, ka dawo bakin aikinka.

Saboda haka ka je ka mayar musu da gurbin yaumiyyar nan, ka yi godiya, ka sa sunanka a na lajna. Zan shigo lorin Asabar ni da Tanko. Zan dafa Alƙur'ani a gaban alƙali, in faɗi sunan ubana, in faɗi naka na yanka da ban taɓa furtawa ba, in ce nan ne garinmu. In mai tabarau ya tambaye ka daga ina kake, ka gaya masa garin da aka binne uwarka. In ya ce har yaushe za ka zauna, ka dube shi ka ce har ƙarshe.

Allah ya tsare ka fita da shiga. Allah ya ba ka shugabanni masu adalci, ya kare hannunka daga abin masu ƙara, ya sa ka gama aikinka da mutunci ka ci ma'ash ɗinka da haƙoranka. Allah ya ji ƙan Malam da Inna da mahaifiyarka, ya sanyaya zuciyar Baffanka. Hadiza tana gaishe ka. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini.

Ka zo tasha da wuri ka tarye mu. Ba na gane fuska daga nesa yanzu, in ka hango ni ka kira, zan gane muryarka.

Mahaifinka,
Idrisu